Yadda Za Ka Karɓo Rarar Harajin da Aka Yanka a Albashinka

Ma'aikata da yawa a Gombe da Bauchi ba sa duba takardar albashi, iyakarsu su ga alat ya shigo. Alhali harajin albashi, wanda ake kira PAYE, akantan wurin aiki ne ke lissafa shi, kuma kuskuren wata ɗaya kan maimaitu har shekara ta ƙare. Abin da aka yanka ya wuce ƙa'ida haƙƙinka ne, doka ta yarda ka nema.

Fara da yin lissafin da kanka. Tun daga 1 ga Janairu 2026, sabuwar dokar haraji ta yafe naira 800,000 na farko a shekara. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Amma kafin a zo nan, sai an fitar da kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da rangwamen haya, wato kashi 20 na hayar da ka biya a shekara, iyakarsa naira 500,000.

Ɗauki malamin makarantar kuɗi mai albashin naira 250,000 a wata, miliyan 3 ke nan a shekara. A ce fanshonsa kashi 8 ya kama 240,000, yana kuma biyan hayar 400,000, rangwamensa 80,000. Saura 2,680,000. A cire 800,000, a ɗauki kashi 15 na 1,880,000: harajinsa 282,000 a shekara, 23,500 a wata. Idan akanta ya manta da fansho da haya, 27,500 zai riƙa yanka. Naira dubu huɗu kowane wata, 48,000 a shekara, kuɗin da zai rage wa magidanci nauyin cefane ƙwarai.

Rangwamen hayar nan shi ne aka fi asara, domin ba ya shiga da kansa, sai ka bayyana hayar da hujja. Wanda mai gidansa ba ya ba da rasit, ya nace a rubuta masa. Sauran kurakuran sun haɗa da amfani da tsohon jadawalin haraji, da lissafa wa mutum harajin shekara cur alhali a tsakiyarta ya kama aiki, da tura kuɗin da lambar haraji wadda ba taka ba. Akwai kuma batun jiha: harajin na jihar da kake zaune ne, ba inda hedikwatar kamfani take ba. Mazaunin Gombe da aka tura harajinsa Bauchi zai sha wahala ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji.

In ka tabbatar da kuskure, tara takardun albashi na watannin, da bayanan asusun banki, da lambar harajinka, da rasit na haya da takardar yarjejeniya, da bayanin fansho. Fara zuwa wajen akanta a rubuce, kada ka tsaya ga magana da baki. Idan shekarar ba ta ƙare ba, ya fi sauƙi a gyara ta hanyar rage yankan watannin da suka saura. Ka kuma nemi shaidar cewa an tura kuɗin ga hukumar haraji, domin wajibi ne wurin aikinka ya miƙa shi zuwa ranar 10 ga wata mai biyowa. Hukuma ba za ta mayar da abin da bai shiga asusunta ba. In ba a tura ba, da wurin aikinka za ka yi.

Idan shekara ta wuce, rubuta wa shugaban Hukumar Tattara Haraji ta jiharka, ka faɗi shekarar, da abin da aka yanka, da abin da ya kamata, da bambancin. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Kana da shekara shida ka nema. Sojoji da 'yan sanda kuwa hukumar haraji ta tarayya za su rubuta wa. Bayan bincike, ko a biya ka, ko a ajiye rarar a cire ta daga harajinka na gaba. In an ƙi, ana ɗaukaka ƙara gaban kotun sauraron ƙararrakin haraji ta shiyyar Arewa maso Gabas, wadda ke zama a Bauchi.