Yadda ake saita kyamara da hasken rana

Masu yawan tambayata kan saitin haske, ga shi:

1. Fita da sassafe ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana zuba inuwa ƙarƙashin ido.
2. Tsayar da mutumin da za ka ɗauka hoto a inuwa, fuskarsa na kallon fili.
3. Juya maɓallin kyamara zuwa M, wato inda kai ne za ka saita komai da hannu.
4. Sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100.
5. Sa lambar f, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga kyamara, a 4, don abin da ke bayansa ya dushe.
6. Sa saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara, a 1/250 na daƙiƙa.

Hattara: idan a hannu ka riƙe kyamarar, kada saurin ya yi jinkiri fiye da 1/60, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

7. Murɗa saurin har alamar ma'aunin haske da kyamara ke nunawa ta hau 0.
8. Ɗauka.
9. Duba farar shaddarsa. Idan aikin wuyan ya ɓace cikin fari, ƙara saurin.