Abin da nake yankowa in ƙawata falo idan hunturu ya kama

Da Nuwamba ya raba, iskar hunturu ta fara kaɗawa a nan Bauchi, yadda leɓe ke tsagewa haka fure mai laushi ke shan wuya. Shekarar da na fara gwadawa, manyan furanni jajaye na tsinko da safe na sa a kwalba, kafin la'asar sun yi laƙwas. Tun daga nan na koma neman abin da bushewa ba ta rage masa kyau.

Zoɓo ne kan gaba. Ina da kunya biyu na yakuwa a bayan ɗaki, kuma a wannan lokacin ne kawunan ke cika su yi jawur. Nakan yanko reshe mai tsawon kamu guda, in tsige ganyen tas, in bar jajayen kawunan kawai. Yakan kwana bakwai a ruwa bai canza ba, in ya gaji kuma sai tukunya. Maigida har tsiya yake mini, wai na mai da abin sha kayan kallo.

Auduga ba ta son ruwa ko ɗigo. Ki samo reshen da ya fashe ya yi fari, ki tsaida shi a busasshen tulu. Ƙanwata ke aiko mini daga Gombe. Kyasuwa kuwa ki yanke ta kafin gashinta ya fara tashi, ki ɗaure, ki rataye ta kai ƙasa a rumfa kwana uku, in ba haka ba kullum kina cikin shara.

Kariya tana fure mai kyau da rani, amma ruwan jikinta guba ne. Gidan da ke da yara, a bar ta a tsakar gida.

Wajen yanka, ki fita bayan asuba kafin rana ta ɗaga, da wuƙa mai kaifi da bokitin ruwa a hannu. Ki yanka a karkace, ki tsoma nan take. Duk ganyen da zai nutse ki cire, shi ke sa ruwa wari. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu, kina datse gindin kaɗan, saboda iskar nan tana shanye shi da sauri.

Kada ki ajiye kusa da taga, ko fanka, ko kaskon wuta. Nawa yana kan ɗan teburi a lungun falo, bayan ƙofa. Ƙura kuwa dole ta sauka. Da mafici nake kaɗe ta da yamma, a hankali don kada audugar ta zube.