Yadda za ka shirya wa intabiyun aikin sa barci a tiyata, in aka tambaye ka abin da ba ka da tabbas a kai

Ƙannena da suka gama karatun nas na ɓangaren sa barci suna yawan tambayata me ake tambaya a intabiyu, ko a asibitin tarayya na FMC Gusau ne ko asibitin Yariman Bakura ko wani janaral na ƙaramar hukuma. Sunayen magunguna kowa ya haddace, inda ake zamewa shi ne in wani babban likita ya jingina da kujera ya ce to kana tsakiyar aiki oksijin ɗin mara lafiya ya fara sauka kuma ba ka san dalili ba, me za ka yi? Wannan nake so mu shirya.

Na farko, ka gane ba sunan cutar suke nema daga bakinka ba, tsarin tunaninka suke so su ji. Ka saba faɗinsa a jere: hanyar iska, numfashi, sannan jini. In na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna ƙasa da kashi 94, ka ce zan buɗe oksijin gaba ɗaya, in matsa jakar ba da iska da hannuna in ji ko iska na shiga, in saurari ƙirji dama da hagu, in duba ko bututun numfashi ya goce ko wani haɗi ya cire, in duba ko na'urar ce ta zame daga yatsa. Kuma tun a nan ka ce zan aika a kira likita. Kar ka bar kiran taimako sai ƙarshen amsa kamar abin kunya ne, wallahi shi suka fi jira su ji.

Na biyu, ka tanadi labari ɗaya na gaskiya daga lokacin da kake koyon aiki, wanda ka shiga ruɗani. Ba sai na jarumta ba. Me ka gani, me ka yi zato, wa ka kira, ya aka ƙare, me ka canja daga ranar. Minti 2 ya isa, kuma ban da sunan mara lafiya ko na wanda kuke aiki tare.

Na uku, nan nake so ka daɗe, domin yawancin rashin tabbas ɗinmu a nan tun kafin a shiga tiyata yake farawa. An kawo mace daga ƙauye cikin dare za a yi mata CS, wato tiyatar ciro jariri, babu kati babu awo, ka ce Baiwar Allah kin ci wani abu? ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa, don a Hausa fura da kunu sha ake yi ba ci ba. Amma a wajenmu fura lissafin abinci take, sai an yi awa 6 da shanta kafin a sa barci, ruwa zalla ne kawai ke da awa 2. Saboda haka ka gaya wa masu intabiyun kai tambaya biyu kake yi, me aka ci kuma me aka sha, har jiƙo da maganin gargajiya kana tambaya cikin mutunci ba da faɗa ba, in kuma ba ka gamsu ba ka ɗauka cikin a cike yake, ka shirya na'urar zuƙe amai kusa. Haka in mai jijjiga ce aka turo daga wani asibitin, ka bincika ko an ba ta magnesium sulphate, maganin tsayar da jijjiga, saboda yana ƙara wa maganin sassauta tsoka ƙarfi. Ka tuna ka tambaya ko tana da sikila. Wanda ya kawo irin waɗannan misalan, kowa a teburin ya san ya tsaya a tiyata da ƙafarsa.

Na huɗu, allurar baya, wadda ake yi a gadon baya don kashe zafi a ƙasan jiki. Kusan tabbas za su tambayi me za ka yi in awon jini ya faɗi bayan an yi ta: karkata mai cikin zuwa hagu, ƙarin ruwa, oksijin, ephedrine, maganin ɗaga jini, a zuƙe a sirinji tun kafin a fara. In bututun numfashi ya ƙi shiga kuma, kar ka ce za ka yi ta gwadawa, ƙa'idar da aka sani kar a wuce sau 3, a koma ba da iska da abin rufe fuska a kira wanda ya fi ka gogewa.

Sai takardar jerin abubuwan da ake dubawa a tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2008, ka sake karanta ta daren intabiyu, tare da lasisinka na hukumar nas da ungozoma a jaka.

Na ƙarshe, in an jefo tambayar da ba ka sani ba kwata-kwata, kar ka ƙirƙiro adadin magani, rai ne a ciki. Ka ce ranka ya daɗe ban riƙe adadin ba, amma ba zan ba da shi ba sai na duba littafi ko na tambayi likita, kafin nan ga abin da zan yi in riƙe mara lafiyar. Ka sa wani abokin aiki ya zauna yana jefo maka tambaya yana katse ka, da Turanci tunda da shi za a yi, sau uku ko huɗu kafin ranar.