Kurakuran da aka fi yi da tsohuwar bindiga mai saitin ƙarfe

Dattawanmu sun san ta da sunan Mak Fo, bindigar da 'yan sanda suka daɗe suna saɓawa. Sunanta na ainihi Lee-Enfield No. 4, sojan Ingila suka karɓe ta a 1941, tana cin harsashi goma samfurin .303, nauyinta wajen kilo 4. A Kanada, inda nake harba tawa, har yanzu ana farautar barewa da ita, kuma dakarun sintiri na arewacin ƙasar sun riƙe ta tun daga 1947 har zuwa 'yan shekarun nan. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin haramtattu, don haka maganata da wanda ke zaune inda doka ta ba shi lasisi ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗora wa bindigar laifin da ba nata ba. Mutum ya harba biyar su watse a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba, sai ya ce ai ta tsufa. Sau da yawa idonsa ne. Ido ba ya iya tsayawa a wuri uku lokaci guda: ga ƙofar saitin baya, ga ɗan tsinken saitin gaba, ga abin da ake bara can nesa. Sabon maharbi yakan zuba ido a kan takarda, tsinken ya zama dishi-dishi. Gyaran shi ne ka kafe idonka a kan tsinken, ka bar takardar ta dushe. Ranar da wani dattijo ya koya mini wannan a filin harbi, sai da ya sa na gaya masa ko akwai ƙura a kan tsinken kafin ya bari na taɓa kunama. Na duba, akwai, ga ma wani ɗan karce a gefen hagu da ban taɓa lura da shi ba. Harsashi biyar na gaba tafin hannuna ya rufe su a yadi 100.

Ƙofar saitin baya kuma ba a kallon ta, leƙawa ake yi ta cikinta. Ido da kansa yake neman tsakiyar da'ira. Abin da ke ɓata wannan shi ne kunci. In yau ka ɗora shi nan a kan katako, anjima ka ɗora shi can, saitin ya sauya ke nan ko da ba ka taɓa komai ba. Nemi wuri ɗaya ka lizimce shi.

Sai kukan da ake yawan yi cewa tana harbi sama. Gaskiya ne, kuma haka aka ƙera ta. Babbar ƙofar da ake gani idan saitin yana kwance an daidaita ta ne a kan yadi 300, saboda haka a yadi 100 harsashi zai sauka sama da inda ka auna da inci da dama. Wasu sai su ɗauko zarto su hau goge ƙarfe. Kada ka yi. Ɗaga tsanin saitin baya, wato ƙarfen da ke ɗauke da lambobin nisa, ka sauko da shi zuwa yadi 200, in bai isa ba a sa maka tsinken gaba mai ɗan tsawo, ana samun su tsayi daban-daban. Ka kuma riƙe wannan: saitin baya ana matsar da shi inda kake so harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Kada ka gyara komai a kan harbi ɗaya, sai ka ga inda biyar suka taru.

Kunamarta mataki biyu ce. Ka ja a hankali sai ka ji ta tsaya, daga nan ƙaramin matsi ya rage. Mai jin tsoron tokarin da take yi a kafaɗa yakan fizge ta ya runtse ido, bakin bindiga ya sunkuya. Ka manna gindinta sosai a kafaɗa, ka toshe kunne, ka yi ta gwada jan kunama da harsashin gwaji marar albarushi har tsinken ya daina motsi. Kafin haka ka ja sakata ka duba ciki da idonka, kowane lokaci.

Harsashin .303 yana da leɓe a gindi. In leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa a cikin gidan harsashi, sakata za ta cije. Jera su na sama yana gaban na ƙasa.

Wanda ya sayi tsohon harsashin soja don araha ya sani da yawansu suna barin gishiri a cikin bututun, kuma mai ba ya narkar da gishiri. Ruwan zafi ake zubawa a ranar, a busar, sannan a shafa mai. Na ga bututun da aka bari sati biyu, cikinsa ya yi ja da tsatsa. Kwanson da ya fito da zobe mai haske kusa da gindi kuwa alama ce yana neman tsagewa, a kai bindigar wurin maƙerinta ya auna kafin a sake harbawa.

A daji kuskuren ya fi nauyi, don rai ne a gabanka. Harsashin soja mai rufaffen kai yakan ratsa dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale, shi ya sa wurare da yawa suka hana farauta da shi. Mai laushin kai ake sawa. Nisa kuma, duk da an rubuta 1300, wato yadi 1300, a jikin tsanin, iyakarka ita ce inda kake iya zuba biyar a cikin faifai ɗaya a tsaye ko a durƙushe, yadda za ka harba a dajin. Da almuru ƙofar saitin takan yi duhu tun idonka yana ganin barewar. In tsinken ya ɓace maka, ko ba ka ga abin da ke bayanta ba, sauke bindigar ka cire harsashi.