Idan ƙafar yaro ta saki farat ɗaya, kar a zauna

Salam ƴan uwa, don Allah a taya ni yaɗa wannan. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, yana tafiyarsa lafiya lau sai kwatsam ƙafa ko hannu ya saki ya yi laɓo-laɓo, to a kai shi asibiti mafi kusa a ranar don a duba ko shan inna (foliyo) ce, kar a tsaya cewa iska ce ko sammu.

Ma'aikatan lafiya za su karɓi kashin yaron sau biyu, tsakani aƙalla awa 24, kuma ana so a yi hakan cikin kwana 14 da fara ciwon saboda bayan nan ƙwayar cutar shan inna tana raguwa a kashi, gwaji zai iya kasa gano ta. A cikin sanyi ake kai kashin ɗakin gwaji, bayan kwana 60 kuma su dawo duba yaron. Ba kowane shanyewa ne foliyo ba, gwajin ne zai faɗa.

Abin da ke tayar min da hankali, cikin kusan mutum 200 da suka kamu da foliyo ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yaɗawa ba a sani ba. In akwai katin riga-kafi a tafi da shi.