Kafin Ku Haɗa Kuɗin Gida Ku Sayi Tsohuwar Tarakta

A nan Argungu, da zarar an kwashe shinkafar rani aka ga kuɗi a hannu, sai ka ji 'yan'uwa sun fara shawarar haɗa kuɗi su sayi tarakta, don sun gaji da bin layin haya lokacin da fadama ke jiran haro. Shawara ce mai kyau. Amma sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, tsohuwa kuwa sai an duba ta da idon basira.

Ni dai Massey Ferguson nake ba mutane shawara su nema, musamman 375 mai injin Perkins silinda huɗu, saboda kusan duk bakaniken da ke Birnin Kebbi ko Jega ya san cikinta, kuma ana samun kayanta a Sakkwato da Ƙofar Ruwa ta Kano. Har yanzu akwai tsoffin Steyr da aka haɗa a Bauchi da Fiat na Kano suna aiki, amma ka fara tambayar inda za ka sami kayan gyaransu kafin ka yi tayi.

Kada ka yarda dillali ya sa maka lokacin zuwa da tsakar rana. Ka je da sassafe bayan sallar asuba, ka ɗora tafin hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe. Injin dizal da ya gaji, da sanyin safiya yake tona asirin kansa: za ka ji batir yana ta juya shi yana ƙin kamawa.

Kafin a murɗa makulli, zaro sandar duba baƙin mai ka shafa a yatsa. Baƙi ba laifi ba ne. In ya yi fari-fari kamar an dama fura a ciki, ruwa ya shiga, gasket, wato abin da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone ke nan ko kan injin ya tsage. Buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, ka bar shi a buɗe a tayar. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa ita ma wannan labarin take bayarwa.

Sannan ka tsaya ka kalli salansa sosai. Ɗan farin hayaƙi da ya ɓace bayan injin ya ɗumama ba komai. Baƙin hayaƙi yawanci nozul ne ko filtar iska da ƙura ta toshe, gyaransa da sauƙi. Shuɗin hayaƙi shi ne abin tsoro, domin injin yana cin baƙin mai, ringi da silinda sun cinye. Akwai ɗan bututun da injin ke numfashi ta cikinsa a gefe. Kara hannunka a bakinsa. In yana feso hayaƙi da ɗigon mai da ƙarfi, ka sa kuɗin sauke injin gaba ɗaya a cikin lissafinka, kuma ka faɗa wa mai ita haka a gaban kowa.

Agogon awa, mai ƙirga awannin da injin ya yi aiki, kada ka damu da shi, da yawa sun daɗe da mutuwa. Don gane yawan aikin da ta sha, dubi yadda matakin kuloci da na burki suka suɗe, da yadda sitiyari ke lilo kafin taya ta amsa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne haidirolik. A ɗaura mata haro, a ɗaga shi sama, a kashe injin, ku zauna ku yi hira. In haron yana sauka a hankali da kansa, akwai yoyo a ciki. A kunna sandar PTO ta baya, wato ƙarfen da ke juya injinan da ake jona wa tarakta, a ga tana juyawa tana kuma tsayawa, don ita ce za ta ja muku injin sussuka. Tayoyin baya kuwa, duba gefensu ko rana ta tsattsage su, domin kuɗin guda biyu ba ƙarami ba ne.

Daga nan a kai ta gona. Ƙasar fadama mai nauyi nake nufi, ba filin ƙwallo ba. A sa haro ya nutse, a yi kamar awa ɗaya ana aiki, a bi kowace giya. A nan za ka ji in kuloci na santsi, in giya na fita da kanta, in ruwa na tafasa. Mai tarakta da ya ƙi a yi wannan gwaji, ku yi masa sallama.

Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka biya shi ladan yininsa. Lambar da ke jikin injin da ta jikin tarakta su dace da abin da ke takarda, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Kuma kada ku zuba duk abin da kuka tara a ciniki: ku ware kuɗin baƙin mai, filtoci, batir da man aikin makon farko.