Kurakuran da matasa 'yan sa kai ke yi a aikin tantance masu neman mafaka

Ɗan sa kai ba shi ke yanke hukuncin wanda za a ba matsayin ɗan gudun hijira ba. Wannan aikin jami'an ƙasar da aka nemi mafaka a cikinta ne, ko jami'an UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, a inda gwamnati ba ta da tsarin kanta. Aikin matashi yawanci tafinta ne, ko cike fom, ko rubuta bayanin farko, ko raka mutum ofis. Amma duk abin da ya fassara ko ya rubuta yana shiga fayil, kuma da fayil ɗin ake yi wa mutum hukunci. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan mataki tausayi ne ke jawo ta.

Babban kuskure shi ne gyara wa mutum labarinsa. Mutum ya ce masu bindiga sun shigo ƙauyensu, sun kashe wansa, shi kuma ya gudu da dare. Sai ɗan sa kai ya ga kamar labarin bai yi ƙarfi ba, ya ƙara cewa an tsare shi wata uku, ko ya raɗa masa: ka ce kai ɗan jam'iyyar adawa ne. Ranar ganawa jami'i zai tambaye shi ina aka tsare shi, su nawa ne a ɗakin, yaya aka yi ya fito, wane ne shugaban jam'iyyar a yankinsu. Abin da mutum bai gani da idonsa ba ba ya jure irin waɗannan tambayoyi. Da zarar an kama ƙarya guda, har kisan wan nasa, wanda gaskiya ne, sai ya shiga cikin shakka. Garin neman gira an rasa ido.

Abin takaicin shi ne sau da yawa labarin na asali ya isa. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta ambaci dalilai biyar na tsoron tsangwama da ke sa a ba mutum wannan matsayi: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, zama ɗan wani rukuni na jama'a, da ra'ayin siyasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa, ta haɗa da wanda hari daga waje, ko mamaya, ko tarzomar da ta ruguza zaman lafiya ta tilasta masa barin ƙasarsa. Sanarwar Kartahena ta 1984 ta yi makamancin haka a Latin Amurka. Ke nan a ƙasashen da ke aiki da waɗannan, wanda ya gudo wa yaƙi ba sai ya nuna cewa shi kaɗai ake farauta ba. Haka kuma littafin jagora da UNHCR ta fitar a 1979 ya amince cewa mai gudu ba kasafai yake fitowa da takardun shaida ba, don haka idan bayaninsa bai saɓa wa juna ba kuma hankali zai ɗauka, a kyautata masa zato. Maganin wannan kuskure: ka bayyana wa mutum abin da doka ke dubawa domin ya san wane ɓangare na rayuwarsa ne ya shafi maganar, ka yi masa tambaya a buɗe kamar “sai me ya faru?”, ka rubuta abin da ya faɗa, sannan ka karanta masa da harshensa ya gyara kafin ya sa hannu.

Tafinta ma yana da irin nasa gyaran, sai dai shi ba ya ma sanin yana yi. Mutum ya yi magana ta minti biyu, tafinta ya dunƙule ta a jimla guda. Ko mutum ya ce abin ya faru farkon damina, tafinta ya zaɓi wata da rana ya faɗa don ya sauƙaƙa wa jami'i. Bayan wata shida a sake tambaya ta bakin wani tafinta, a sami wata daban, a rubuta cewa mutumin yana sauya magana. In ya ce farkon damina, ka ce farkon damina. In ya ce bai tuna ba, ka ce bai tuna ba. Ka yi magana da bakinsa, “na gudu”, kada ka ce “wai ya gudu”, domin wannan “wai” ɗin kaɗai na iya shigar da shakkarka cikin maganarsa. In karin harshensa ya sha maka kai, ka tsayar da ganawar ka faɗa. Akwai kunya a ciki, na sani, amma kunyar minti ɗaya ce.

Sannan ka faɗa tun kafin a fara idan ka san mutumin, ko ƙauyenku ɗaya, ko kana daga ɓangaren da yake cewa su suka kore shi. Mace kuwa a tambaye ta ko ta fi son tafinta mace, kuma a gana da ita ita kaɗai. Wadda aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗa a gaban mijinta ko ɗanta ba, alhali wataƙila nata dalilin ya fi na mijin ƙarfi. Kuskure ne babba a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta don kawai shi ne ya iya harshen.

Kada ka auna gaskiyar mutum da fuskarsa. Wani zai ba da labarin azabtarwa ba ko hawaye, wani da murmushi, wani ya ƙi haɗa ido saboda ladabi. Firgici mai tsanani yana rikita jerin lokaci a ƙwaƙwalwa. Ba a ɗauke ka don ka gano maƙaryaci ba.

Sai batun alkawari. “Kada ka damu, za a ba ka” magana ce mai daɗin faɗa, amma ba ka da ikon cika ta. Wanda ya fi muni shi ne alkawarin kai mutum Kanada ko Amurka. Sake tsugunar da ɗan gudun hijira a ƙasa ta uku ba haƙƙi ba ne da zai nema a ba shi, kuma waɗanda ke samu a shekara ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijira ba. Ka faɗa masa matakin da ke gaba da inda zai bibiyi fayil ɗinsa, ka tsaya nan. Hidimar UNHCR kyauta ce, don haka ko tukuici kada ka karɓa. In ka karɓa, gobe za a ce da kuɗi ake shiga layi.

Sirri shi ne inda waya ta fi cutar da matasa. A ɗauki hoto da “waɗanda muka taimaka yau” a ɗora a Facebook, ko a tura hoton takardar mutum a zauren WhatsApp ana neman shawara. Wanda ya gudo ya bar iyali a baya, kuma waɗanda suka kore shi su ma suna da intanet. Haka nan kada ka taɓa tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa don tabbatar da labarinsa, kada kuma ka ba shi shawarar ya je can sabunta fasfo. Sashe na 1C na yarjejeniyar 1951 ya ce matsayin ɗan gudun hijira na iya ƙarewa idan mutum da kansa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa, kuma karɓar fasfo na daga abubuwan da ake kallo a haka.

Akwai kuma masu tsoratar da mutum ba da niyya ba. Su ce tunda ka shigo ba biza, gara ka ɓuya. Sashe na 31 na yarjejeniyar 1951 ya hana hukunta ɗan gudun hijira saboda shigowa ba izini, muddin ya zo kai tsaye daga inda ake barazana ga ransa, ya gabatar da kansa ba da jinkiri ba, ya kuma nuna dalili. Sashe na 33 ya hana mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, kuma wannan kariya tana aiki tun yana jiran hukunci. Ɓuya tana cinye wa'adi: a Amurka, alal misali, ƙa'ida ita ce a shigar da takardar neman mafaka cikin shekara guda da isowa. Wa'adin ɗaukaka ƙara ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, don haka ranar da takardar ƙin amincewa ta zo, ranar za ka haɗa shi da lauya. Ka kuma tabbatar mutum ya ƙetare iyakar ƙasarsa kafin ka sa shi a wannan layi. Wanda rikici ya raba da gidansa amma yana cikin ƙasarsa, tsarinsa daban ne. A Afirka yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi.

Yaron da ya zo ba iyaye ba mai kula da shi, kada ka yi masa tambayoyi kai kaɗai, kada kuma ka kai shi gidanku. Ka miƙa shi ga jami'in kare yara a ranar. Kai ma idan ka ga labaran da kake ji sun fara hana ka barci, ko ka fara jin haushin masu zuwa, ka gaya wa mai kula da aikinka a rage maka ganawa ko a sauya maka aiki na ɗan lokaci, domin tafintan da ya gaji shi ne ke fara taƙaita magana.